Birkin da ke jikinmu da saƙon muryar da ke hana rigakafi

Idan ka yanke a hannu, ƙwayoyin jikin da ke wurin sukan rarrabu, ɗaya ta zama biyu, har ciwon ya haɗe, sannan su tsaya. Wa ya ce su tsaya? Umarnin yana rubuce cikin ƙwayoyin gado, kamar yadda manhaja ke sarrafa waya. Daga cikinsu akwai masu samar da furotin biyu, p53 da Rb, waɗanda ke aikin birki. Rb yakan hana ƙwayar jiki rabuwa kafin lokaci. Shi kuma p53, idan ya ga ɓarna, sai ya dakatar da ita a gyara, ko ta mutu.

Ƙwayar cutar HPV birkin nan take lalatawa: furotin ɗinta E6 ya rusa p53, E7 kuma ya ɗaure Rb. Daga nan rabuwa ba ƙaƙƙautawa, bayan shekaru ta iya zama sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 cutar ta kama mata kusan 12,000 a Najeriya, ta kashe kusan 8,000.

A Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta. Amma a garuruwan kan iyaka irin su Dole Kaina, inda jama'a ke kai da komo tsakanin Najeriya, Nijar da Benin, saƙon murya a WhatsApp ya fi ma'aikacin lafiya saurin isa gida. Da an ce allura tana hana haihuwa, shi ke nan.

Ni dai ban ga laifin uban da ya ji tsoro ba. An ce masa ya kawo 'yarsa, ba a gaya masa me allurar ke yi ba. Alhali bayanin bai fi minti biyu ba: allurar tana koya wa jiki tare ƙwayar cutar kafin ta kai ga birki, ba ruwanta da haihuwa.

Jihar Kebbi ba ta rasa masana ba. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta daɗe tana yaƙi da sankara. Abin da ya rage shi ne likitoci su naɗi wannan bayani da Hausa, Dandanci, Zabarmanci da Fulatanci, a tura shi ta wayoyin da jita-jita ke bi. Wanda ya san amfanin birki ba zai bari a cire wa 'yarsa ba.