Inda Gwamna Ya Aje Kujerarsa

A shekarar 1926 gwamna Jules Brévié ya kwashe fadar mulkin mallakar Nijar daga Damagaram ya kai ta Yamai. Ba yau aka fara yawo da ita ba: a Sorbon Hausa aka soma kafa ta a 1900, ta koma Yamai a 1903, ta sauka Damagaram a 1911. Duk cikin wannan kai-da-komo ba a shawarci ɗan ƙasa ko ɗaya ba.

Hujjar da Faransawa suka kafa ita ce ƙarancin ruwa, kuma gaskiya ne, Damagarawa sun san ƙishirwa. Amma ba ita kaɗai ba ce. Damagaram ta yi kusa da Kano, inda jirgin ƙasan Ingilishi ya riga ya iso, fatake kuwa can suka fuskanta da hajarsu. Ga kuma rashin yarda: tun 1906 da aka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Bassa da ƙulla tawaye aka tuɓe shi, Nasara bai sake barci da ido biyu a garin ba. Yamai ta lokacin ƙananan ƙauyuka ce a bakin kogi, babu babban sarki, babu attajiran da za su ja da komanda. Abin da ake nema ke nan.

Illar ta biyo baya sannu a hankali. Inda kujera ta sauka, nan manyan makarantu da asibitoci da ofisoshi suka taru. An buɗe jami'ar Yamai a 1971. Maraɗi da Tawa da Damagaram ba su sami tasu ba sai 2010. Kusan shekara arba'in ke nan, ba kaɗan ba.

Mutumin Tagris, a yankin Dakwaro, ya fi kowa sanin farashin wannan nisa. Shi kansa Dakwaro sai a 1947 Faransawa suka aje masa ofishin mulki, aka ce nan kowa zai riƙa kai kukansa. Malamin lakwal da takardar ƙarin girmansa ta maƙale, ko ɗan kasuwar da ke neman lasisi, sai ya bi ta Dakwaro, ya ratsa Maraɗi, kafin ya kama doguwar hanyar Yamai, ya je ya zauna gaban ƙofar wani sakatare.

Masu cewa a maida babban birni gabas ba su yi lissafi ba. Kodebuwa ta ayyana Yamusukuro a 1983, harkoki suka ci gaba da gudana a Abijan. Nijeriya ta koma Abuja a 1991 da kuɗin man fetur da baitulmalin Nijar bai taɓa gani ba. Abin da ya kamata ya tashi daga Yamai shi ne sa hannu da hatimi da kuɗin aiki. Dokar 2002 ta ba Tagris matsayin ƙaramar hukuma, sai dai suna ba ya haƙa rijiya. Ya rage ga mahukunta su bayyana nawa ne daga kasafin ƙasa ke isa can kowace shekara.