Rilen Tsohuwar Mota: Mai Ƙara Ko Mai Shiru?

Kaka ta yi, lokacin kai amfanin gona kasuwa ya zo. Galibin motocin da ke wannan aiki tsofaffi ne, irin su a-kori-kurar Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗa irinta a Kaduna. Sau da yawa abin da ke tsai da irin wannan mota a daji, har tumatir ya ruɓe, ba ya wuce wani ɗan akwati kamar na ashana, watau rile.

Aikin rile shi ne ya karɓi 'yar wuta daga makunni, ya saki babbar wuta daga batir zuwa fitila, ko hon, ko fanka. Iri biyu ne. Na dā yana da naɗin waya wanda ke zama maganaɗisu in wuta ta shiga, sai ya jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗa baki biyu, a ji ƙas. Na zamani kuwa ba abin da ke motsi cikinsa, taransista ke aikin, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947.

Masu sai da na zamani suna cewa ba ya cinyewa, gargadar hanya ba ta dame shi ba, ƙura ba ta shigarsa. Gaskiya ne. Bakin na dā yakan ƙone da tartsatsi, yakan kuma yi tsatsa da damina. Amma duk da haka, ga mai tsohuwar mota a ƙauye, na dā ya fi.

Dalili na farko, wutar tsohuwar mota ba ta zama daidai. Ga kuma al'adar direbobi ta ta da mota da batirin aro, sa'an nan a zare shi injin yana tafiya. Nan take wutar da ya kamata ta tsaya wajen bolt 14 takan yi tsalle ta ninka. Naɗin waya yakan jure wannan, taransista kuwa tana iya mutuwa farat ɗaya. Haka nan in an juya kan batir bisa kuskure. A lura kuma, Land Rover da aka ƙera kafin 1967 wayar fosatif ce ke haɗe da jikin motar, saɓanin motocin baya.

Na biyu, yadda suke mutuwa. Na dā yakan yi gargaɗi: fitila ta riƙa kyaftawa, ko a ji ƙas amma hon ya ƙi. Na zamani ba ya sallama, kuma yawanci a kunne yake mutuwa, fanka ta kwana tana juyi, da safe a tarar batir ya ƙare. Zafin injin kuwa yana rage masa kwana.

Na uku, gwaji. Ƙafafun na dā suna da lamba. A sa wutar batir a 85 da 86. In ya yi ƙas, naɗin lafiya lau. Wuta tana shiga ta 30, ta fita ta 87. In rilen fitila ya mutu da dare, sai a ciro na hon a sa, muddin lambobin ƙafafunsu da ƙarfinsu ɗaya ne, a isa gari.

Na zamani yana da wurinsa: inda ake kunnawa ana kashewa ba hutu, a motar da makanikin waya ya auna cajinta ya ga daidai. In ba haka ba, da tsohuwar zuma ake magani.

To, manoma da 'yan kasuwa, kafin a yi lodi a sayi rile biyu masu amfiya 30 ko 40, da fis, a ajiye cikin mota. A goge ƙafafun na ciki da samfefa, a kuma hana zare batir injin yana tafiya. Kuɗinsu duka bai kai na kwandon tumatir ɗaya ba. Allah ya kai kaya kasuwa lafiya, amin.