Lauyan da aka haifa a Agege: Gurbin wace jiha zai cike?

A watan Yulin 2025 Mataimakin Shugaban Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya janye ƙudirinsa na gyaran tsarin mulki, wanda ya nemi a bai wa ɗan Najeriya matsayin ɗan asalin jiha ta hanyar haihuwa, ko zaman shekara 10, ko aure. Mafi yawan ƙurar da ƙudirin ya tayar a kan Legas ta tashi, kuma an ɗauke shi a matsayin takaddama tsakanin Yarabawa da Ibo kan wane ne mai gari. Ba a cika jin muryar Arewa a muhawarar ba, alhali akwai Hausawa a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 waɗanda maganar ta shafa kai tsaye. A aikin lauya da alƙalanci kuwa ta fi cizo, domin can ne ake raba kujeru da ma'aunin jiha.

Zaman Hausawa a Legas ya girmi Najeriya kanta. Tun 1863 John Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko, wadda soja da 'yan sandan ƙasar nan suke danganta asalinsu da ita. Layin dogo da cinikin goro da na shanu suka raya Zangon Agege, har ya zama gari a cikin gari, da sarkinsa da limamansa. Yau akwai gidajen da kaka da uba da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Yaron irin wannan gida yana jin Yarabanci kamar Hausa. Amma ranar da ya gama Makarantar Horas da Lauyoyi ya ɗauki fom ɗin aikin gwamnati, layin farko da zai tsayar da shi shi ne na jihar asali da ƙaramar hukuma.

Tsarin mulkin 1999 ne ya ɗaure shi. Sashe na 14(3) ya wajabta raba daidai a hukumomin tarayya, don kada wasu 'yan jihohi ko wata ƙabila su mamaye su. Sashe na 318 ya fassara zama ɗan jiha da cewa ɗaya daga iyayen mutum ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Haihuwa ba ta cikin lissafi, biyan haraji ma haka. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa da dokar soja a 1996, ta tsara cewa kowace jiha ta sami kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na guraben aiki, kuma ba a yarda mutum ya riƙe asali biyu ba. Gaskiya ne sashe na 15(3) ya ɗora wa gwamnati tabbatar da cikakken 'yancin zama ga kowane ɗan ƙasa a ko'ina, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta iya tilasta wa gwamnati bin sa.

Ba a banza aka yi wannan tsari ba, kuma ɗan Arewa ne ya fi kowa sanin amfaninsa. Christopher Sapara Williams ya zama lauya a Ingila a 1879. Lardin Arewa bai sami lauyansa na farko ba sai 1955, lokacin da Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq na Ilorin ya kammala. Tazarar shekara 76 ke nan. Da an bar komai ga yawan masu takarda, da kotunan tarayya sun daɗe suna magana da murya ɗaya. Har gobe manyan alƙalai da ma'aunin shiyya suke duba adalcin naɗi: a jawabinsa na ban kwana a Oktoban 2023, Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad ya koka cewa Kudu maso Gabas da Arewa ta Tsakiya sun rasa wakilci a Kotun Ƙoli. A Fabrairun 2024 aka rantsar da sababbin alƙalai 11, kotun ta cika 21.

Matsalar ita ce ma'aunin yana ƙirga jihohi, mutanen da suka faɗa tsakanin jihohi kuwa ba ya ganin su. A dubi yadda ake hawa. Kafin lauya ya zama alƙalin Babbar Kotu sai ya shekara 10 da zama lauya, Kotun Ɗaukaka Ƙara 12, Kotun Ƙoli 15. A jiha, hukumar kula da ma'aikatan shari'a ce ke tace sunaye ta miƙa wa Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, gwamna ya naɗa. A kotunan tarayya ana duba jihar da ke da gibi, sannan a nemi shaidar manyan alƙalai da lauyoyin da suka san aikin mai nema. Lauyan Agege ya yi shekarunsa goma yana shiga kotunan Ikeja da Ogba. Alƙalan da suka san ƙwazonsa na Legas ne, amma takardarsa ta ce shi ɗan Katsina ne ko Jigawa, jihohin da aka ƙirƙira a 1987 da 1991, bayan kakansa ya daɗe da barin gida. Can kuma reshen ƙungiyar lauyoyi bai taɓa ganin fuskarsa ba, ga 'yan gida da suka shekara suna jiran layi. Jemage ya zama, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi ma haka.

Wanda ke ganin wannan hasashe ne ya tuna abin da ya sami mata alƙalai, waɗanda suka riga kowa ɗanɗana shi. A Nuwamban 2012 Alƙaliyar Alƙalai ta lokacin, Aloma Mariam Mukhtar, ta dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda haifaffiyar Anambra ce da ke neman gurbin Abiya, jihar mijinta, inda ta yi shekaru tana alƙalanci. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki aka rantsar da ita. A 2020 Majalisar Dokokin Kuros Riba ta ƙi amincewa da Akon Ikpeme a matsayin Babbar Alƙaliyar jihar, don asalin iyayenta Akwa Ibom ne, jihar da aka cire daga Kuros Riba ɗin a 1987. Sai a Fabrairun 2021 aka rantsar da ita. Waɗannan suna da muƙami da masu tsaya musu. Matashin da aka ajiye fom ɗinsa a matakin majistare ko lauyan gwamnati, babu jaridar da za ta ji labarinsa.

Adalci ne a faɗi cewa Legas ta fi yawancin jihohi buɗe ƙofa a muƙaman siyasa. Ben Akabueze, ɗan Anambra, ya riƙe ma'aikatar kasafin kuɗinta, kuma Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya naɗa Kabiru Ahmed Abdullahi, daga al'ummar Arewa mazauna jihar, kwamishina. Sai dai kwamishina kyautar gwamna ce, tana tafiya da wa'adinsa. Alƙalanci tsani ne na shekaru, wanda ba a ɗora shi a matakin farko ba ba zai taɓa isa sama ba. Haka kuma duk wanda zai yi wa Legas wannan ƙorafi ya shirya amsa tambayar da za ta biyo baya: lauyoyi nawa 'ya'yan Sabon Garin Kano ko na Zariya, waɗanda kakanninsu suka zo da jirgin ƙasa ɗaya, ke zaune a kujerar Babbar Kotu a jihohinmu? Abin da muke nema wa ɗan Zangon Agege shi ne abin da za a nema a wurinmu.

Akwai wani ɓangaren da ba a son faɗa. Takardar asalin da ke hana ɗan Agege a Legas takan yi masa rana a Abuja. A jami'o'in tarayya ana ware kashi 20 cikin 100 na guraben shiga ga jihohin da aka bari baya a ilmi. Yaron da ya yi karatu a Legas, yana riƙe da takardar Jigawa, zai iya shiga tsangayar shari'a ta wannan ƙofa, ya tsere wa ɗan ƙauyen da dominsa aka yi tanadin. Ma'auni ɗaya ya cuci mutum biyu ta fuska biyu.

Manyan ofisoshin lauyoyi masu zaman kansu da ke Ikoyi da Victoria Island, inda kuɗin aikin yake, dokar raba daidai ba ta hau kansu ba sam. Jami'ar da ka yi, da darajar sakamakonka, da wanda ya san ka, su ke buɗe ƙofa. A Amurka wasu manyan ofisoshi sun ɗauki alkawari tun 2017 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na waɗanda za a duba don manyan muƙamai su fito daga mata da tsiraru. Bayan hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 2023 kan shiga jami'a, da matsin gwamnatin Trump a 2025, irin waɗannan tsare-tsare sun ja baya. Afirka ta Kudu ta rubuta nata a sashe na 174 na tsarin mulki, cewa a duba launi da jinsi wajen naɗa alƙalai. Su duka mutum suke dubawa da irin shingen da ya tsallake. Mu garin kakansa muke dubawa.

Illar ba ta tsaya ga masu neman aiki ba. A Agustan 2019 hukumomin Legas suka tsare mutum 123 da suka taso daga Jigawa da baburansu, daga baya aka sake su. Tun hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a Yunin 2022, samarin Arewa ba su rabu da caji ofis da kotun majistare ba. Sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma 'yancin tafinta kyauta, amma tafinta juya magana kawai yake yi. Lauyan gwamnati ko majistaren da ya tashi a Zango ya san bambancin ɗan cirani da ɓata-gari tun kafin a buɗe fayil.

Gyaran sashe na 318 na buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Majalisar da ta kayar da ƙudirin bai wa matar aure asalin jihar mijinta a Maris na 2022 ba ta nuna alamar tana da wannan niyya ba. Amma ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai sun riga sun amince da wanda ƙaramar hukuma ta karɓa a matsayin ɗanta, ko da kakansa baƙo ne. Shugaban ƙaramar hukumar Agege na da ikon sa hannu a wannan takarda, na Fagge a Kano ma haka. Ƙa'idojin naɗin alƙalai kuwa NJC ce ta rubuta su, ita ke iya ƙara layin da zai sa shekarun da lauya ya yi yana aiki a jiha su shiga lissafi, ba tare da an jira majalisa ba.