Igiya Da Aska Ba Sa Kashe Dafin Maciji

Maganar yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, domin za ta taɓa abin da muka gada kaka da kakanni. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Damina ta kama, manoma sun koma gona, makiyaya sun nausa daji, kuma daga yanzu har zuwa ƙarshen kaka ne saran maciji ya fi yawa a ƙasarmu.

Labarin kusan iri ɗaya ne kowace shekara, sunan ƙauyen ne kawai ke canzawa. Magidanci yana tsakiyar noma da hantsi, ya ji abu ya cake shi a idon sawu. Nan take 'yan'uwa su tsinke robar tayar keke su ɗaure masa ƙafa tamau a ƙasan gwiwa. A kira wanzami ya tsaga wurin da aska, ya kafa ƙaho. A kai shi gidan mai magani, a ba shi jiƙo ya sha ya yi ta amai, a manna masa baƙin dutse a kan raunin. Da yamma a gan shi zaune yana hira, kowa ya yi hamdala. Washegari jini ya fara tsattsafowa daga dasashinsa, tsagar da aka yi masa ta ƙi tsayawa, fitsarinsa ya koma ja. A kwana na uku, bayan ya fara fita hayyacinsa, sannan za a nemo mota. In ya cika a hanya sai a ce kwana ya ƙare.

Kwana na ƙarewa, wannan babu musu. Sai dai wannan bawan Allah ya yi kwana biyu cur a hannunmu, yana magana, yana shan ruwa, alhali akwai allurar da za ta tsayar da jinin nan cikin 'yan sa'o'i. Maciji ya yi nasa a cikin daƙiƙa ɗaya. Sauran kwana biyun mu muka ɓatar da su, kuma a kansu nake so mu yi magana.

Mu fara da sanin abokin gabar. Macizai uku ne suka fi yi mana ɓarna a arewacin Najeriya. Na farko ita ce kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, 'yar gajeruwa mai launin ƙasa, wadda ta cika kwarin kogin Binuwai, daga Gombe da Taraba da Adamawa har kudancin Filato da Bauchi. Ta biyu kasa, mai kauri da nauyin jiki, wadda ba ta gudu sai an taka ta, dafinta kuma kumburi yake sawa da ruɓewar nama. Ta uku gamsheƙa, mai fesa dafi a ido, wadda takan shigo ɗaki da dare tana bin ɓera, ta sari mai barci a tabarma.

Kububuwa ce ta fi kowanne kisa, kuma yadda dafinta yake aiki shi ne ke yaudarar mu. A cikin jinin ɗan Adam akwai sinadaran da ke sa shi daskarewa in an ji rauni. Dafin kububuwa yana ƙone waɗannan sinadarai har su ƙare, sai jini ya zama kamar ruwa. Mutum zai iya yini guda ko fiye yana tafiya da ƙafarsa, babu abin da ke damunsa sai zafi da kumburi, alhali jini ya fara yoyo a cikin hanjinsa, ko ƙodarsa, ko ƙwaƙwalwarsa. Binciken likitoci ya nuna cewa a cikin mutum 100 da dafin kububuwa ya shiga jikinsu ba a yi musu allurar makarin dafi ba, tsakanin 10 zuwa 20 ke mutuwa. In an yi musu ingantacciyar allura a kan lokaci, waɗanda ake rasawa ba su cika kai 2 ba.

To, da wannan sani, mu auna abubuwan da muke yi ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaurin igiya ko roba ba ya tsare dafi a ƙafa. Abin da yake tsarewa shi ne jinin da ke ciyar da naman ƙafar. Gaɓar da dafi ya riga ya kumbura, aka kuma shaƙe ta na sa'o'i, mutuwa take yi, ta yi baƙi, ta ruɓe. Ƙafafu da hannuwa da yawa da aka yanke a asibiti, igiyar ce ta ci su.

Tsaga ta fi muni. Mutumin da jininsa ya daina daskarewa, aka ɗauki aska aka buɗe masa sababbin ƙofofi, me ake tsammani? Ga shi kuma askar da ba a tsabtace ba tana shigar da ƙwayoyin cuta cikin naman da ya riga ya raunana. Tsotsa da baki da kafa ƙaho ba sa fitar da wani dafin a-zo-a-gani, domin haƙorin maciji kamar allura yake, yana zuba dafin can cikin nama, daga nan ya bi jiki.

Baƙin dutse kuwa, ba dutse ba ne ma. Ƙashin dabba ne da aka ƙona. Yana mannewa a kan rauni saboda yana tsotsar danshi, kamar yadda sabon kasko ke kama harshe. An gwada shi a ɗakin bincike ba a ga ya hana dafi aiki ba. Jiƙon da ke sa amai shi ma ba ya fitar da komai, tunda dafin ba a ciki yake ba, a jini yake. Abin da aman ke yi shi ne ƙarar da ruwan jikin majinyaci, wani lokaci har ya shaƙe shi.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a majalisa: "Ai wane a garinmu ya warkar da mutane ba adadi, mun gani da idonmu." Ban ƙaryata idon kowa ba. Amma ga abin da ido bai gani ba. Macizai da yawa na ƙasarmu ba su da dafin da ke kisa. Masu dafin ma ba kullum suke zuba shi ba, sukan yi saran gargaɗi kawai. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mutum kusan miliyan 5.4 maciji ke sara a duniya duk shekara, amma waɗanda dafi ke shiga jikinsu tsakanin miliyan 1.8 ne zuwa 2.7. Ke nan rabin waɗanda aka sara, ko fiye, za su tashi ko an ba su jiƙo ko ba a ba su ba. Su ne shaidun mai magani, su ne ke yawo da sunansa kasuwa-kasuwa. Wanda ya mutu kuwa ba ya ba da shaida, kuma ba a rubuta shi a lissafin mai magani, tunda a mota ko a gadon asibiti ya cika. Sai ma ka ji ana cewa asibitin ne ya kasa.

Haka gardawan da ke wasa da maciji ranar kasuwa suna sayar da laƙanin da wai in ka sha sara ba zai kama ka ba. Babu abin sha ko na shafawa da ke yin wannan aiki. Illarsa ita ce, wanda ya sha yakan saki jiki ya shiga ciyawa babu takalmi, in kuma an sare shi ya zauna a gida yana jiran laƙani ya yi aiki.

Ba na cewa a bar addu'a. A yi ta, a yi tofi, a yi sadaka. Amma addu'a ba ta bukatar a ajiye majinyaci a zaure. A yi ta a kan babur, a yi ta a bakin gadon asibiti.

Makarin dafi guda ne aka tabbatar, wato allurar da ake samarwa daga jinin doki ko tunkiya da aka saba musu da dafin kaɗan-kaɗan har jikinsu ya ƙera abin yaƙarsa. Kuma muna da wadda aka yi domin macizanmu. Da dafin macizan Najeriya aka haɗa EchiTAb, da haɗin gwiwar masana na gida da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool. An samar da nau'i ɗaya a Birtaniya domin kububuwa, ɗayan kuma a Kosta Rika domin kububuwa da kasa da gamsheƙa. A Kaltungo ta Jihar Gombe aka gwada su a kan majinyata 400, aka wallafa sakamakon a 2010. Asibitin saran maciji na Kaltungo da cibiyar lafiya ta Zamko da ke yankin Langtang a Jihar Filato sun daɗe suna wannan aiki, kuma likitoci irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano sun shafe shekaru suna bincike a kansa. Gwajin gane ko dafi ya shiga jini ma ba ya bukatar na'ura: a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20. In bai daskare ba, dafin kububuwa na aiki, sai allura.

Yanzu bari in juyo kan hujjar da ta fi ƙarfi, wadda ba zan iya ture ta da baki ba. Talaka zai ce: asibiti da nisa, hanya ba kyau, in ka je a ce babu allura, in akwai kuma kuɗinta ya fi abin da gonarka za ta ba ka a shekara. Wannan gaskiya ce, kuma laifin ba na talaka ba ne. Kamfanin Sanofi Pasteur na Faransa ya daina yin Fav-Afrique, ɗaya daga cikin alluran da Afirka ta dogara da su, a 2014, wa'adin ragowar kuma ya ƙare a 2016. Kasuwa ta cika da alluran da aka yi da dafin macizan wasu nahiyoyi, waɗanda ba sa kama kububuwarmu. A wani asibitin karkara a Ghana, da aka sauya zuwa irin wannan allura, mace-mace sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin ɗari. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, tana ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, a 2019 kuma ta sa burin rage wannan adadi da rabi kafin 2030. Gwamnonin jihohin da abin ya fi shafa da shugabannin ƙananan hukumomi su sani cewa manomin da ke ciyar da birni bai cancanci ya sayar da sa da akuya kafin a tsayar masa da jini ba. A sayi allura mai inganci kafin damina, a raba ta har manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a bayar kyauta, a kuma koya wa ma'aikata yadda ake ba da ita.

Sai dai gazawar hukuma ba ta mayar da jiƙo magani ba. Tsadar allura dalili ce ta matsa wa shugabanni lamba, da kafa asusun gaggawa a ƙungiyoyin manoma da na makiyaya. Jinkiri kuwa ƙara tsadar yake yi, domin wanda ya zo a makare yakan bukaci ƙarin jini da tiyata da doguwar jinya.

Saboda haka, in abin ya faru, Allah ya kiyaye, ga abin yi. A janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe da awarwaro da agogo da takalmi kafin kumburi ya kama su. A sa wa gaɓar kara ko sanda a naɗe sako-sako yadda ba za ta motsa ba, irin na ɗorin karaya, ba tare da matsewa ba. Kada a bar shi ya taka, a ɗauke shi, in a babur ne wani ya zauna a bayansa ya riƙe shi. In yana amai ko yana gyangyaɗi a kwantar da shi ta gefen hagu. Don zafi a ba shi farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac, domin suna ƙara zubar jini. A riƙe lokacin da aka yi saran. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin, ko a ɗauki mushensa da hannu. In gamsheƙa ce ta fesa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi asibiti. Mace mai ciki da ƙaramin yaro, gaggawarsu ta fi ta kowa. Kuma ko mutum ya ce ya ji sauƙi, kada a dawo da shi gida sai likita ya sallame shi.

Wannan doka ta gaggawa ta shafi wasu masu dafin. Harbin kunama ga babba yawanci zafi ne mai wucewa, amma ga yaro, musamman a yankunan hamada irin su Agadas, yana iya taɓa zuciya da numfashi. Yaron da ya fara gumi da dalala da amai bayan harbi, asibiti za a nufa da shi. Haka wanda zuma ko rina ta harba, fuskarsa ta kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya.

Rigakafin kuma yana hannunmu: dogon takalmin roba a gona, tocila in za a fita da dare, gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa, share ciyawa da tarin itace daga jikin ɗaki, da nisanta rumbu da akurki daga wurin kwana, tunda ɓera ne ke jawo maciji.

Abu na ƙarshe da nake roƙon kowane maigida da kowace uwargida shi ne, tun yau, kafin komai ya faru, a tambayi ma'aikacin lafiya na kusa wane asibiti ne ke da allurar makarin dafi, a san hanyar zuwa, a ajiye lambar mai babur ko mai mota da za a kira ko da tsakar dare. Masu unguwanni da limamai su faɗi wannan a bainar jama'a. Masu maganin gargajiya kuma, waɗanda da yawansu dattawa ne masu mutunci a garuruwansu, babban taimakon da za su yi wa wanda aka kawo musu shi ne su ce a wuce da shi asibiti yanzu.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.