Ciwon Kan Da Ba Ya Jiran Gobe

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani ciwon kai da ya sha bamban da wanda muka saba da shi a daren jarrabawa. Shi wannan yakan faɗo wa mutum farat ɗaya, kamar an sara masa gatari a ƙeya, wuya ya sanƙare, amai ya biyo baya, wani ma har ya suma. A garuruwanmu akan ce jifa ne, ko iska ce, a shiga hayaƙi da jiƙo kwana biyu ko uku. Mu dai a ganinmu, waɗannan kwanakin jira su ne ke cin rayuka.

Sau da yawa abin da ya faru shi ne, wata jijiyar jini a gindin ƙwaƙwalwa ta yi rauni a wuri guda, ta kumbura kamar tsohuwar tayar keke, ranar nan sai ta fashe, jini ya malala kewaye da ƙwaƙwalwa. Hawan jini da shan taba suna cikin manyan abubuwan da ke jawo haka. Jinin yakan tsaya da kansa na ɗan lokaci, mara lafiya ya ji sauƙi, dangi su ce an samu lafiya. Alhali kuwa wurin yana iya sake fashewa, musamman a yini da daren farko, kuma fashewa ta biyu ta fi ta farko kisa.

To, abin yana da magani. A 1937 Walter Dandy, likitan fiɗa a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya buɗe ƙoƙon kan wani majiyyaci, ya matse wuyan kumburin da ɗan maƙalin azurfa, jini ya daina shiga cikinsa. Daga baya Gazi Yasargil a Zurik ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin. A farkon shekarun 1990 kuma Guido Guglielmi ya ɓullo da hanyar da ba a buɗe kai: a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa ƙwaƙwalwa, a cika kumburin da zaren filatinam, jinin ciki ya daskare. Wani babban bincike na 2002 ya nuna cewa, inda hanyoyin biyu duk suka dace, waɗanda aka yi wa ta biyun sun fi tsira da lafiyarsu bayan shekara guda. Amma duk ƙwarewar likita, ba ya iya yi wa wanda bai iso ba aiki.

Tun 1962 Latunde Odeku ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a Ibadan, amma har yau masu wannan aiki kaɗan ne a ƙasar nan, kuma a manyan birane suke. Saboda haka muna kira ga hukuma ta samar da na'urorin hoton ƙwaƙwalwa da motocin ɗaukar marasa lafiya, muna kuma kira ga 'yan'uwanmu masu karatun likita su rungumi wannan fanni duk da tsawonsa.

Sauran mu kuwa, idan mun koma gida hutu, mu gaya wa iyayenmu su riƙa auna jini, masu shan taba su bari. Ranar da irin wannan ciwon kai ya faɗo wa wani, ba mu hana addu'a ba, amma a yi ta a cikin mota, a kan hanyar asibiti. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.