Raddi Kan Salsalar John Washington: Wane John Ake Nufi?

Har yanzu akwai masu kafa hujja da tsohuwar salsalar da ta ce John Washington, Baturen Ingila da ya sauka Virginia a 1657, wanda shugaban Amurka George Washington tattaɓa kunnensa ne, ɗa ne ga Lawrence Washington na gidan Sulgrave da ya rasu a 1616. Bari mu bi hujjojinsu.

Sun ce Sir Isaac Heard, babban jami'in kula da nasabar manyan gidaje a Landan, shi ya tsara ta, don haka babu ja. To, Heard da kansa wasiƙa ya aika wa George Washington a 1791 yana neman bayani, kuma amsar da ya samu a 1792 ba ta wuce jin-jin ba: shugaban ya ce ya sha jin cewa danginsu daga arewacin Ingila suka fito, amma ba shi da tabbas. Hasashe Heard ya yi, marubutan baya suka mayar da hasashen hukunci. Muƙamin mutum ba ya zama shaidar haihuwa.

Sun ce sunaye sun dace, domin 'yan'uwa biyu ne suka je Virginia, John da Lawrence, kuma mutumin Sulgrave yana da 'ya'ya masu waɗannan sunaye. Nan ne gizo ke saƙa. Kama da wane ba ta wane. Gidan nan kusan kowane zamani sai sun yi wa wani takwara da Lawrence ko John. Joseph Chester, Ba'amurken da ya ƙare rayuwarsa yana tonon rajistocin coci a Ingila, ya bi sawun waɗannan biyun a shekarun 1860. John ɗin ya zama Sir John na Thrapston, wanda a 1657 dattijo ne da ya haura sittin, kuma a Ingila ya mutu. Lawrence ɗin limamin coci ne a Purleigh, cikin yankin Essex, an binne shi a Maldon a 1653, shekara huɗu kafin a ce ya tsallaka teku. Mamaci dai ba ya hawa jirgin ruwa.

Sai su juya su ce: idan haka ne, ai an raba shugaban da Sulgrave ke nan. Ba a raba ba, tsani ɗaya kawai suka tsallake. A 1889 Henry Waters ya gano wasiyyar wani Andrew Knowling na garin Tring, wadda aka rubuta wajen 1650. Knowling mijin mahaifiyar Amphyllis ne, matar limamin Purleigh, kuma ya jero 'ya'yanta da sunayensu: John, Lawrence, William, Elizabeth, Margaret da Martha. Da Amphyllis ta rasu a 1655, John aka ba wa ikon kula da abin da ta bari. Shekara guda bayan nan ya shiga jirgin fatauci mai suna Sea Horse, wanda ya kafe a kogin Potomac da lodin taba. Ya zauna a can, ya auri Anne, 'yar Nathaniel Pope, surukin ya ba su eka 700. Abin da ya ɗaure zancen shi ne wasiyyar John ɗin a Virginia, inda ya ware wa ƙanwarsa Martha kuɗin jirgi don ta taho daga Ingila. Takarda a Tring, takarda a Virginia, sunan mace ɗaya a duka biyun. John jikan mutumin Sulgrave ne, ɗan limamin.

A ganina, abin da ke sa wasu nauyin karɓar wannan shi ne labarin limamin ba shi da ado. A 1643, lokacin yaƙin basasar Ingila, majalisa ta tsige shi saboda yana bayan sarki, aka kuma jefe shi da zargin shaye-shaye, zargin da ya fito daga bakin abokan gaba. Ya ƙare a ƙaramar ikilisiyar Little Braxted cikin talauci. Gidan Sulgrave kuwa tun 1610 aka sayar da shi. Ɗan da ya tashi babu gado shi ke neman aikin jirgi, kuma wannan ya fi bayyana hijirar fiye da tatsuniyar basaraken da ya bar daula.

Sauran hujjojin ba sa buƙatar dogon zance. Littafin Albert Welles na 1879 ya kai salsalar har ga Odin, abin bautar mutanen arewacin Turai na dā. Wanda ya yarda da wannan sai ya kawo rajistar haihuwar gunkin. Batun cewa tutar Amurka daga tambarin gidan aka ciro ta, mai taurari uku da layuka biyu ja, ƙudurin majalisar Amurka na 14 ga Yuni 1777 bai ambaci Washington ko tambarinsa ba. Tutar birnin Washington ce aka ɗauko daga tambarin, ita ma sai a 1938.