Kiyaye Rai a Wurin Aiki Wajibi Ne



Ya ƴan'uwa, da yawa daga cikin ƴaƴanmu suna neman halali a matatar mai ta Damagaram, da masana'antar siminti ta Malbaza, da majemu. Ƙurar siminti tana cin huhu sannu a hankali, sinadarin jima yana ƙona fata, tururin fetur kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ba mu manta da tankar man da ta fashe a Yamai a watan Mayun 2019 ba, inda fiye da mutum 50 suka rasu.

Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 195. Don haka ma'aikacin da ya ajiye takunkumi da hular kwano yana cewa "sai ajali ya yi", sakaci ya yi, domin tawakkali yana tare da riƙon sababi.

Mai masana'anta kuma rayukan ma'aikatansa amana ce a wuyansa. Idan ya hana su kayan kariya don ribarsa ta ƙaru, ko ya sayar da gangar sinadari ta koma randar ruwan sha a gidan talaka, zai amsa tambaya ranar hisabi.

Limamai su tunatar a huɗuba. Allah Ya tsare mu, amin.